Matakala 32 tsakanina da aji

Ranar da zan fara zuwa jami'a, Mma ta tashe ni tun kafin kiran assalatu. Ta ɗauki tsumma ta goge mini keke tas, har tayoyin, tana yi tana addu'a ƙasa-ƙasa. Yayana ya turo ni daga gidanmu a unguwar Aboabo da ke Kumasi, a Ghana, zuwa bakin titi. Trotro, wato motocin haya, uku suka wuce mu alhali da wuri a ciki, domin yaron mota in ya hango keken guragu lissafi yake bugawa: a sauke ta, a naɗe keke, a nema masa wuri, wata motar ta kwashe fasinjoji. Muna nan tsaye sai wata baiwar Allah ta zo wucewa, ta ajiye mini sidi 2 a cinya, ta ce in saka ta a addu'a. Sabon hijabi ne a jikina, takardar shigata jami'a tana cikin jaka.

Ban ji haushin matar nan ba, har yau. Abin da ta taso ta gani ke nan. A Zango in ka ga gurgu a bakin hanya da sassafe, bara ya fito. Amma yayana ya kau da kai gefe, na ga yana goge ido da hannun riga.

Ina shekara 9 muka yi hatsarin mota a hanyar Tamale, tun daga nan ƙafafuna ba su sake ɗaukata ba. Na san daɗin gudu, na san hawa bene da ƙafa bibbiyu, shi ya sa ban taɓa lura da matakala ba sai da na zauna a keke. Ɗakin da aka ba ajinmu a zangon farko yana hawa na biyu, ginin kuma ba lif. Matakala 32 ne. Na ƙirga su sau da yawa, ido a rufe.

Samari huɗu ne ke ɗaukata. Biyu su kama gaba, biyu su kama baya, a kishingiɗar da keken, ni kuma hannu ɗaya na riƙe ƙarfe, ɗaya na danne siket da hijabi kada su kwaye. A kwanar matakalar sai sun tsaya sun huta, ina jin numfashinsu a bayan wuyana. Waɗanda ke saukowa su raɓe jikin bango suna kallo. Yaran nan mutanen kirki ne, biyu Kiristoci, biyu Musulmi, ba wanda ya taɓa ɓata fuska, kuma har gobe ina yi musu addu'a. Sai dai duk macen da ta taso a gida irin namu ta san abin da nake ji a raina, maza huɗu da ba muharramaina ba sun tallabe ni a gaban jama'a, sau biyu a rana. In na hau kuwa, na hau ke nan sai an tashi. Banɗaki yana ƙasa, ƙofarsa ma keke ba ya shiga. Saboda haka na daina shan ruwa da safe, koko ma sai dai in kurɓa kaɗan. Wata ranar Laraba da aka yi ruwan sama, takalmin ɗaya daga cikinsu ya zame, keken ya karkata, kaina ya bugi ƙarfen gefe. Kowa ya yi ta ce mini sannu. Ni ma na yi ta ba su haƙuri, kamar ni ce na yi laifi.

Da maganar ta kai masallacin ɗalibai, wani bawan Allah da ke shekarar ƙarshe ya aiko a kira ni. Makaho ne, mutumin arewa, ya yi makarantar makafi ta garin Wa, Hausarsa kuma radau. Muka haɗu a gindin bishiya, farar sandarsa a naɗe a kan cinya.

"Ƙanwata, an ce kin faɗi."

"Ban faɗi ba Yaya, saura kaɗan dai. Yaran suna ƙoƙari."

"Na san suna ƙoƙari. Kin taɓa karanta doka ta 715?"

Ban taɓa ko jin sunanta ba. Shekara goma sha ina zaune a keke, ba wanda ya taɓa gaya mini akwai dokar da aka yi domin irina.

Ya ciro wayarsa, ya shafa fuskarta da yatsa, wata murya ta riƙa karanto masa rubutu da sauri irin wanda kunnena bai iya kamawa. Ya rage mata gudu domin ni. A nan na fara jin cewa kundin tsarin mulkin Ghana na 1992, a sashe na 29, ya yi maganar haƙƙin naƙasassu, har da cewa wuraren da jama'a ke shiga su kasance da tanadi dominsu. A 2006 majalisa ta yi dokar naƙasassu, ita ce ta 715. Ta wajabta wa mai ginin da jama'a ke shiga ya samar da hanyar da naƙasasshe zai shiga ya yi amfani da wurin. Ta hana makaranta ta ƙi karɓar mutum don kawai yana da naƙasa. Ta ma hana a kira mutum da sunan wulaƙanci saboda lalurarsa. Tsofaffin gine-gine kuwa an ba su wa'adin shekara 10 su gyara, wa'adin ya cika tun 2016. A tsakani, a 2012, Ghana ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, a 2015 kuma aka fito da manufar ilimi na bai-ɗaya, wadda ke nufin yaro mai lalura ya yi karatu tare da sauran yara.

Ya kashe wayar ya ce, "Abin da yaran nan suke yi miki taimako ne, Allah ya ba su lada. Amma taimako ranar da mai yi ya makara, ko ya yi fushi, ko ya gama makaranta, ya ƙare. Aji a ƙasa bashi ne kike bi. Rubuta takarda."

Na yi kwana uku ina juya maganar nan. Mu an raine mu a kan godiya da kawaici. Mma cewa ta yi, "Ke dai ki bi a hankali, kada a ce 'yar Zango ta zo da fitina, su da suka taimaka suka ɗauke ki." Na fahimce ta. Ita ce ta goya ni ina 'yar shekara 12 zuwa makarantar allo, duk unguwa ana ce mata ta bar wahalar da kanta. Amma ba taimaka mini aka yi aka ɗauke ni a jami'a ba. Jarrabawar da kowa ya rubuta ita na rubuta.

Na rubuta takardar, ban kai ta ni kaɗai ba. Na tsayar da shugaban ajinmu na karanta masa, ya yi shiru, can ya ce shi duk tsammaninsa suna kyauta mini ne, bai taɓa kawowa a ransa cewa ajin ne ya kamata ya sauko ba. Washegari ya tsaya a gaban allo kafin malami ya shigo, ya yi bayani, takarda ta zagaya. Kusan kowa ya sa hannu. Amsar farko da muka samu ita ce jadawali ya riga ya fita, ba a taɓa shi. Muka koma. Aka ce a jira taro. Muka sake komawa, wannan karon mu goma sha, da kwafin dokar a hannu. Bayan mako 5 aka musanya mana ɗaki da wani aji da ke ƙasa. Ba a kashe ko pesewa ɗaya ba.

Abin da na koya a makonnin nan shi ya sa nake wannan rubutu. Yawancin ɗalibai ba mugunta ce da su ba, rashin sani ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 8 cikin 100 na mutanen Ghana masu shekara 5 zuwa sama, sama da mutum miliyan 2, suna fama da wahalar gani, ko ji, ko tafiya, ko magana, ko tuna abu, ko kula da kansu. Ka duba ajinku ka ƙirga mu nawa ne a ciki. Sauran suna gida, wasu suna bakin kasuwar Kejetia da ƙoƙo.

Da muka fara zama da ɗalibai muna tattaunawa, wasu suka kawo shawarar a ɗaure wa mutane ido da ƙyalle, ko a ɗora su a keke su zagaya, wai don su ɗanɗana. Ni ban goyi baya ba. Wanda aka rufe wa ido na minti goma tsoro kawai zai ji, ya cire ƙyallen yana cewa wayyo, Allah sarki makafi. Ba zai ga yadda Yaya yake ratsa makarantar nan shi kaɗai yana gane hanya da sanda da amon gini ba. Tausayin da muke gudu shi za a ƙara. Maimakon haka muka ɗauki awo muka bi gine-gine tare da su. Ƙa'idar gangaren keke ita ce, in tudun ƙofa ya kai taku 1, tsawon gangaren ya kai taku 12. Muka auna wani da aka yi a gaban wani ofis, bai kai rabin haka ba, a ƙarshensa kuma kwata ce a buɗe. Na ce wani ƙaƙƙarfa ya gwada tura ni sama. Ya gwada, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Tun ranar, shi ne yake tayar da masu ajiye babur a bakin gangare.

Ƙananan abubuwa ne suka fi cin mu. A zauren WhatsApp na aji, sai a ɗauki hoton sanarwa a turo. Wayar makaho tana karanta rubutu, amma hoton takarda da aka ɗauka a karkace sau da yawa ba ta gane shi, sai ya ji an canja ranar jarrabawa a bakin wani. Rubuta sanarwar da hannunka minti ɗaya ne. Malami ya nuna allo ya ce "wannan a haɗa da wancan", wanda ba ya gani ya tashi a tutar babu. Akwai wata kurma a wani sashe, ta yi makarantar kurame ta Jamasi, ranar da mai fassara da hannu bai zo ba zaman banza take yi awa biyu, in kuma ya zo sai mutane su riƙa yi masa magana shi, ita ko kallonta ba a yi. Ni kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne a kama kekena ta baya a tura ba sallama. Keken nan ƙafafuna ne. Ka tambaye ni tukuna, in na ce na gode zan iya, ka yarda.

Ga 'yan uwana Musulmi ina da magana ta daban, domin mu muna da abin da ya isa hujja tun kafin 2006. Duk wanda ya yi allo ya haddace Suratu Abasa. Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da surar ta sauka a kansa, bai zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, neman sadaka ba. Ilimi ya zo nema. Daga baya ya zama ladan tare da Bilal, kuma an sha barinsa yana jan mutanen Madina salla in an fita yaƙi. Mu kuwa muka yi wa makafi da guragu sarautarsu ta daban, muka ware musu ƙofar masallaci ranar Juma'a, daga waje. Yaro in ya makance a unguwa, sai a nema masa ɗan jagora, shi ma ɗan jagoran ya rasa karatu. Har karin maganarmu ba ta bar su ba, ana cewa makaho bai san ana ganinsa ba sai ya sha sanda, a yi dariya a wuce.

Wannan ba matsalar Zango kaɗai ba ce. A 2013, da Shugaba John Mahama ya zaɓi Dakta Henry Seidu Daanaa, lauya makaho, ya zama ministan harkokin sarauta, wasu sarakuna sun fito sun ce al'ada ba ta yarda su zauna da shi ba. Majalisa ta tabbatar da shi, ya riƙe muƙamin. Ina tuna wannan duk lokacin da na kalli 'yan ajinmu, domin cikinsu ne za a sami masu zana gini, da shugabannin makarantu, da alƙalai, da masu ɗaukar ma'aikata. Wanda ya auna gangare da hannunsa yana ɗalibi, ina fata ba zai sa hannu a zanen da ba shi da hanyar keke ba.

Masallacinmu na ɗalibai ma yana da matakala 3 a ƙofar mata. Shekara guda ina salla a waje, a kan baranda, ina jin karatun liman ta taga. Na yi wa Amira, shugabar ɗalibai mata Musulmi, magana, ta ce, "Wallahi 'yar uwa, kunya ta kama ni, kullum ina wuce ki a nan." Aka yi karo-karo bayan sallar Juma'a biyu, aka sayi siminti buhu 4 da yashi, wani ɗalibi da mahaifinsa magini ne a Asawase ya kawo shi ranar Asabar. Na zauna a wurin da awo a hannuna har aka gama.

Jadawalin wannan zangon ya fito makon jiya, an sake jefa darasinmu ɗaya a hawa na biyu. Ina cikin trotro na ga saƙon, na fara tsara takarda a raina. Kafin in sauka shugaban aji ya kira ni, ya ce su shida suna ƙofar ofishin tun ƙarfe takwas, in wuce ɗakin karatu kawai, za su neme ni in an ba su lambar sabon ɗaki.