Daga Fitilun Birni Zuwa Duhun Daji da Madubin Hangen Nesa

Gardama ce ta fitar da mu. Abokina ya dage cewa fitilun birni ne suke ɓata mana ganin Mushtari, wato Jufita, duk daren da muka kafa madubin hangen nesa a kan bene. Ni kuwa ina zargin iskar da ke saman benen. Da yamma muka naɗe madubin da bargo saboda gargadar hanya, muka kwantar da shi a kujerar baya, muka nufi wajen gari.

Mun yi tafiya mai nisa kafin fitilun titi su ƙare, amma haskensu bai rabu da mu ba. Duk sa'ad da na waiga sai in ga wani jan haske ya yi rumfa a kan birnin, hasken da ƙura da tururin ruwa suke watsawa a sama. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya a ƙarƙashin irin wannan sama suke kwana. Abin yana damuna ƙwarai, domin yara da yawa za su girma ba su taɓa ganin sama cike da taurari ba.

A wani fili mai ciyawa muka tsaya, nesa da kwalta. Muka kashe fitilar mota da wayoyi, muka bar 'yar tocila mai jan haske kaɗai, saboda ido yana bukatar kamar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu. Shi ma madubin muka bar shi ya huce, zafinsa ya yi daidai da na waje.

Zuhal, wato Saturn, duniyar nan mai zobe, muka fara dubawa. Zobensa ya juyo mana da gefe a watan Maris na 2025, abin da ke faruwa kusan duk shekara 15, don haka siriri muka gan shi, kamar allura ta huda ƙwallo. Muka jira Mushtari ya ɗago sosai daga gabas. Ga ɗamara biyu masu duhu sun ratsa jikinsa, ga watanninsa huɗu a jere, waɗanda Galileo ya gani a 1610 da madubin da bai kai namu ba.

Abokina ya daɗe da ido a kan gilashin, sannan ya ce, "Malam, ai haskensa ɗaya da na gida. Rawar ce kawai babu."

Nan gizo yake saƙar. Duniyoyin nan suna da hasken da fitilun birni ba sa iya dannewa. Abin da ke cutar da su shi ne zafin da siminti da kwanon rufi suka sha da rana, su riƙa sakinsa da dare, iska ta yi ta motsi, hoton ya yi ta karkarwa. Ciyawa ba ta riƙe zafi haka.

Abokina ma yana da tasa gaskiyar. Da muka juya kan gungun taurarin Andiromeda, wanda haskensa ya yi shekara kusan miliyan 2.5 a hanya kafin ya iso mana, da ido kawai muka tsinkaye shi. A birni ko da madubi da kyar ake samun tsakiyarsa. Kaza da 'ya'yanta ma sun fito da taurarin da ban saba gani ba.

Sanyi ya kore mu bayan tsakar dare. A hanya muka yanke shawarar cewa kallon Mushtari da Zuhal a birni za mu ci gaba da yinsa, amma a filin ƙwallo mai ciyawa, nesa da rufin gidaje. Doguwar tafiya kuma sai daren da babu wata, domin abubuwa masu dushi-dushi irin Andiromeda.