Ranar da muka tsallake lesin

Ɗan yayata yana SS2, daga boko sai Islamiyya sai lesin, kafin isha'i ya yi laushi tiɓis, littafin kemistiri a hannu yana gyangyaɗi. Ran Asabar na ce yau kam ba lesin, muka tari adaidaita sahu sai marinar Ƙofar Mata a Kano. Yana tsaye aka tsamo zane daga ruwan baba, kore-kore, iska na bugunsa yana rikiɗewa shuɗi a gabanmu, kawai yaro ya daka tsalle, "Kawu wallahi wannan ne oksideshan ɗin da malam yake ta fama da mu!" Baba da toka ne fa a ramin. Sati mai zuwa gidan tarihi na Gidan Makama, in Yaya ta yarda, don har yanzu mitar kuɗin lesin ɗinta take.