Noti 34 a janti ɗaya

A gindin manyan motoci na koyi aikin taya, a wani gareji da ke bakin hanyar Garwa zuwa Marwa, a arewacin Kamaru. Jantin gingimari, abin da mutanen Yola ke ce wa rim, yana da zoben ƙarfe da ke riƙe bakin taya. In zoben bai zauna daidai ba aka dura iska, tashi yake yi kamar an harba bindiga. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya yarda yaro ya tsuguna gaban taya ana ba ta iska. Sai mun ɗaure ta da sarƙa, mun koma gefe. Da wannan tsoron na tashi, ina ganin duk wani janti mai rabuwa na gama saninsa. Ashe da saura.

Shekaru bayan na buɗe nawa wurin, wani Alhaji ya shigo da BMW 325i mai ƙofa biyu, ƙirar E30 da Jamus ta yi daga 1982 zuwa 1994. A Duwala ya saye ta, kuma mai ita na farko ya riga ya taɓa ta: ya sa gajerun sifirin ta kwanta ƙasa, ya canza salansa, ya ɗora mata jantin BBS RS mai inci 16. Kamfanin BBS ɗin an kafa shi a 1970 a garin Schiltach na Jamus, kuma a 1983 ya fito da wannan samfurin. Ba ƙarfe ɗaya ba ne, gida uku ne: fuska mai saƙar raga a tsakiya, ganga ta ciki, sai leɓe na waje mai ƙyalli. Ƙananan noti 34 ne suka haɗe su a kewaye, wato 136 ke nan a ƙafa huɗu. Leɓunan duk sun dushe, ɗaya ya ci gefen kwalta ya lotsa.

"Malam, so nake su koma kamar madubi kafin Sallah," in ji shi.

Na ce, "Alhaji, an gama." Saura kwana tara.

Kwancewar ba ta ba ni wuya ba. Na sace iskar duka, na cire taya, domin wanda ya taɓa notin nan da iska a ciki ya sayi abin da maigidana ke gudu. Na sa wa kowane gida lamba da alli don kada na wannan ƙafa ya tafi waccan. Tsohon gam ɗin da ya liƙe tsakanin ganga da leɓe na tsaga da wuƙa. Turawa kan dumama janti kafin ya saki. Mu kuwa ranar Garwa ta ishe mu, shanya su na yi a tsakar gareji daga hantsi zuwa azahar, sannan na riƙa bubbugawa da guntun katako har suka rabu.

Daga nan ƙyalli ya tafi da hankalina. Kwana biyar na yi ni da yarona muna goge leɓe da samfefa da ruwa, daga lamba 400 zuwa 800, 1200, har 2000, sannan man goge alminiyon da tsumma. Yatsun yaron suka yi baƙi ƙirin, farcensa ya cinye. Da ya ɗaga leɓen farko ya hango haƙoransa a ciki, sai ya ƙyalƙyale da dariya. Fuskokin na kai wa mai fenti ya fesa musu ruwan azurfa, gaba da baya, ko'ina. Daren jajibere na haɗa komai a gurguje, na shafa silikon ɗin da ake liƙe gilashi da shi, na kira mai faci ya sa tayoyi a daren. Motar ta fita tana walƙiya, yaran unguwa suna bin ta da gudu.

Washegarin Sallah waya ta shigo. Alhaji ne, yana tsaye kusa da Figil, ƙafar baya ta kwanta, ta gaba tana bin sahu. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Cewa kawai ya yi, "Malam, madubin dai ya yi kyau."

Da na sake kwance su, kuskure huɗu na tarar, duka nawa. Irin wannan jantin ba ya riƙe iska da kansa; zaren gam ɗin nan da ke kwance a tsagin ciki, inda ganga ta sadu da leɓe, shi ne ke tsare ta. Ni ban kankare tsohon gam sarai ba, sabon ya hau kan datti bai kama ba. Ban kuma bar shi ya kwana ba, ƙarfen mai faci ya yage shi yana ɗanye. Silikon ɗin ma ba nasa ba ne: mai warin tsami ɗin nan yana cin alminiyon, wanda ba shi da wari ake nema. Na huɗun shi ya fi tayar mini da hankali. Fentin da aka fesa a inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe ya murƙushe da zafi da jijjiga, noti suka samu sarari. Na sa yatsa biyu na juya ɗaya daga cikinsu. A kan kwalta, da gudu, da iyali a mota. Allah ne kawai ya kiyaye.

Aiki na biyu a aljihuna na yi shi, kuma ya ci mako biyu. Na kankare duk mahaɗar har farin ƙarfe ya fito, na wanke da tina. Na ɗora kowace ganga, haɗe da fuskarta, a ƙafar mota na juya ta a hankali, da guntun waya a kafe kusa da bakinta, don in ga inda ta karkace. Notin da suka miƙe ko suka yi tsatsa na zubar, na aika Duwala aka nemo sababbi. Ɗaurin kuma ba a yin sa a jere kamar jan carbi. Ka ɗaura wannan, ka tsallaka na gabansa a ɗaya gefen, ka dawo, zagaye uku, kowane zagaye ka ƙara ƙarfi kaɗan, na ƙarshe da sifana mai awo wadda ke yin ƙas in ta kai. Notin siriri ne, milimita 7, hannun da ya saba da gingimari in bai yi hankali ba tsinke shi zai yi. Gam kuwa a ɗaki na shafa shi, ƙofa a rufe saboda ƙura, na bi da yatsa sau ɗaya, na bar shi kwana biyu. Bayan an sa taya, kowace ƙafa ta shiga randar ruwa muna leƙen kumfa.

Tun daga nan motar ta zama 'yar gida, ita ta koya mini sauran karatun. Duk abin da aka canza a mota, wani wuri ne zai biya. An kwantar da ita ƙasa, to kaskon baƙin mai ya matso kwalta, kuma na alminiyon ne, ba ya lotsawa sai dai ya tsage. Tudun rage gudu ɗaya ya isa. Faranti na ƙarfe na yi masa a ƙasa. Siririyar taya ba ta shanye rami, kai tsaye take miƙa shi ga leɓe. Na taɓa ce wa Alhaji mu ɗaga ta ko da yatsa biyu ne. Ya ce, "Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa." Na yi shiru, motarsa ce.

Injinta mai silinda 6 ne, lita 2.5, bel ne ke juya sandar da ke buɗe bawul a kan injin. In bel ɗin ya tsinke, fistin zai daki bawul, don haka ba na jiran ya nuna tsufa, kuma ranar canza shi nake canza famfon ruwa. A watan Maris da Afrilu, da zafin Garwa ke haura digiri 40, lagireto da fanka nake fara dubawa kafin komai, don kan injin ba ya yafe tafasa. Man zuwa-zuwa na bakin titi kuwa mun sha rigima a kansa. Sai da ya toshe matatar mai sau biyu kafin Alhaji ya haƙura ya koma gidan mai.

Makon jiya ya dawo daga Ngaundere, leɓen gaba na dama ya sake cin rami. Da janti ɗan ƙarfe ɗaya ne, da sai walda ko juji. Wannan leɓen kaɗai za a sauya. Yarona ya riga ya sace iskar, ya zube noti 34 a cikin gwangwanin madara, yana tambayata ko ya fara gugar samfefa. Na ce ya fara kankare tsagin tukuna.