Ranar da fayil ɗaya ya hana ni wasa

Da hantsi na girka wani tsohon wasan tseren motoci a kwamfutata, ina latsa shi sai ga ɗan akwatin saƙo yana cewa ba a samu d3dx9_43.dll ba. Abin ya ɗaure mini kai, domin na'urar tana ɗauke da DirectX 12, wato tarin fayilolin Microsoft da wasanni ke dogaro da su wajen fitar da hoto da sauti, kuma na ɗauka sabon zubi ya haɗiye duk abin da ke cikin tsoho. Ashe wannan fayil yana cikin ƙunshin DirectX na watan Yunin 2010, wanda ba ya zuwa tare da Windows, sai an girka shi daban.

Gaggawa ta sa na aikata abin da na sha hana wasu. Na shiga wani shafi mai rarraba irin waɗannan fayiloli ɗai-ɗai, na sauke wanda aka rubuta wa 64, tunda Windows ɗina mai bit 64 ce, na jefa shi cikin foldar wasan. Saƙon farko ya ɓace, wani mai lamba 0xc000007b ya maye gurbinsa, an gudu ba a tsira ba. Sai bayan dogon nazari na gane cewa wasan kansa mai bit 32 ne, kuma manhaja mai bit 32 ba ta iya ɗaukar fayil mai bit 64, ko da sunansu ɗaya harafi da harafi. Sunayen foldojin Windows ma suna ƙara rikita mutum, domin System32 ce ke riƙe da fayilolin 64, SysWOW64 kuma na 32.

Na goge abin da na sauke, na girka cikakken ƙunshin daga shafin Microsoft. Daga nan wasan ya nemi MSVCR100.dll, amma wannan karon ban ruɗe ba, saboda lambar 100 tana nuni da Visual C++ na 2010, wani ƙunshin fayilolin Microsoft da manhajoji da yawa ke buƙata. Da na duba jerin manhajojina sai na tarar ina da na x64 kaɗai, wato mai bit 64, na ƙara na x86, mai bit 32.

Da yamma, ina leƙa foldar wasan don tabbatar da cewa baƙon fayil ɗin ya fita, na ci karo da wata ƙaramar folda mai suna redist, ƙunshin nan biyu na zaune a cikinta tun safe. Wasan ya buɗe, na yi zagaye ɗaya, na zo na ƙarshe, na kashe kwamfutar saboda idanuna sun gaji.