Ƙafar 'yar Fijona ta daina rawa

Alhamdu lillahi 'yan uwa, yau na juya ƙafar baya ta gudu sumul, ba rawa ba tangaɗi! Ga waɗanda ba su ga farkon aikin ba, ƙaramin samfurin motar Peugeot Type 3 ta 1891 nake ƙerawa da wayar tagulla, kakar Fijo 504 ɗin nan da aka riƙa haɗawa a Kaduna.

Ƙafafun nan sun ba ni wuya matuƙa, kuma dalilin yana cikin tarihin motar. Armand Peugeot, wanda ya kafa kamfanin motocin, kekuna ya fara ƙerawa a 1882. Ya gwada mai ƙafa uku mai aiki da tururi tare da injiniya Léon Serpollet a 1889, sannan ya koma injin fetur na Daimler da ya samo ta hannun kamfanin Panhard da Levassor. Amma hannun maƙerin keke bai bar shi ba: firam na bututun ƙarfe, sarƙa ce ke jan ƙafafun baya, ƙafafun kuwa na siraran wayoyi. Idan ka sa mata faifan gwangwani a madadinsu, to ba ita ka ƙera ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Da na ɗora dalma a kan waya ɗaya, zafin sai ya narkar da ta kusa da ita, zoben ƙafar ya karkace. Dalma kuma ta yi tsada, naɗi guda ya cinye kuɗin da na ware wa fenti. Raina ya ɓaci sosai. Wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu ne ya dubi ƙafar ya ce, "Ɗana, ai ba a ɗaure su a jere, kowace da kishiyarta ake ja." Sai na kafe zoben a kan katako da ƙananan ƙusoshi, cibiyar a tsakiya, ina liƙa waya ɗaya sannan wadda ke fuskantarta, waɗanda na gama na lulluɓe su da jiƙaƙƙiyar auduga. Ko ɗaya ba ta sake saki ba.

Kujerun biyu masu fuskantar juna na yanka su, saura ɗinki. Sarƙar ce ban samu ba, ta abin wuya haƙoran giya ba sa kama ta. Wanda ya san inda ake samun siririya mai ƙarfi, don Allah ya taimaka min.