Rifkatu ta ƙi shiryuwa, ni kuma na bar ta a haka

'Yan uwa marubuta, albishirinku. Babin nan na labarin soyayyar da nake rubutawa, wanda ya tsaya mini a maƙogwaro, ya wuce daren jiya, har yanzu bakina bai rufu ba.

Masu bin labarin sun san na yi alkawarin kammala shi kafin 25 ga Disamba, don masu hutun Kirsimeti su samu na karantawa cikin bargo. A Jos na ajiye shi, tsakiyar hunturu, garin da ke kan tudu mai tsayin mita 1,200 da wani abu, inda taɓa ruwan randa da asuba sai an ɗaure fuska. Yanayin bai ba ni wahala ba. Hazo, leɓe a tsage, faso a dunduniya, warin gawayi a kasko, duk sun zauna da kansu.

Rifkatu, jarumar labarin, ita ce ta hana ni barci. Tun farko na ce ba zan sake rubuta jarumar nan fara doguwa mai gashi har gadon baya ba, wadda aibinta ɗaya shi ne haƙuri ya yi mata yawa. Shi ma Bitrus, masoyinta, ban liƙa masa miskilancin da muka saba ba, don wannan ado ne muke kira aibi. Rifkatu fariya gare ta, da ƙarya. Rigar sanyin da ta tsinto a gwanjon Kasuwar Katako, ta ce wa 'yan kwaya, wato mawaƙan coci, yayarta ce ta aiko daga Ingila. Bitrus kuwa ɗan kabeji da karas ne a Farin Gada, ga maƙo ga riƙo, ko shayi ya saya wa mutum sai ya shiga ɗan littafinsa na bashi.

To fa. Masu karatu suka tsane ta. "Anti, ki raba su." "Anti, ki sa ta tuba." Na gwada wa'azin fasto, ta yi kuka ta shiryu, sai ta koma wata baƙuwa, ko muryarta ban gane ba. Na gwada kwantar da ita a asibiti, kun san dabarar. Na ƙirƙiro mata maraici don a yi mata uzuri, shi ma na goge, domin roƙon tausayi ne ƙiri-ƙiri, mai karatu kuma ba yaro ba ne.

Abin da ya yi aiki shi ne na daina kare ta. Daren jajibere 'yan kwaya suna bi gida-gida da waƙa. A wani gida matar da ta buɗe ƙofa ita ce mai gwanjon. Ta shafa wuyan rigar ta ce, "Ashe ta yi miki daidai. Saura ɗari biyar ɗina fa." A gaban kowa, har da Bitrus. Rifkatu ba ta yi kuka ba, ba ta nemi gafara ba. Tuɓe rigar ta yi ta rataya a kafaɗa, haƙoranta na haɗuwa, ta ce wai zafi take ji. Ƙarya kan ƙarya, amma wannan karon a jikinta take biya. Bitrus ya ciro kuɗin ya miƙa ba tare da ya dubi kowa ba, sannan a hanya, ƙarƙashin fitilar mai shayi, ya buɗe littafinsa ya rubuta sunanta. Ba wanda ya warke a cikinsu, kuma ni kaina da nake rubutawa dariya nake, ƙwalla na zuba.

Ɓacin raina ɗaya bangon littafin. Na biya mai zane N8,000, ya kawo mini dusar ƙanƙara da masoya cikin hular gashi kamar a Rasha. Na ce hazo nake so da duwatsun Jos, wai sai na ƙara kuɗi. Zan haɗa abina a waya.

Saura Bitrus. Littafin bashin nan dole ya tona masa asiri, kuma ina ganin gaban kawunnan Rifkatu ya fi, ranar gaisuwa. Wanda ya taɓa rubuta marowaci ba tare da ya mayar da shi abin dariya zalla ba, ya taimaka mini da dabara.