Tauraron Ɗan Adam na Soja: Wa Ke Ƙera Abin da Ke Cikinsa?

Direban da ya kunna taswirar wayarsa don ya kauce wa cunkoson Kofar Nassarawa, galibi da kayan sojan Amurka yake aiki ko da bai sani ba. Taurarin GPS, waɗanda ke kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200, suna ƙarƙashin rundunar sararin samaniyar da Amurka ta kafa a watan Disamba na 2019. Kyauta ake amfani da su, amma mai abu yana da ikon hanawa, shi ya sa Rasha ta riƙe GLONASS, Tarayyar Turai ta gina Galileo, ita kuwa Sin ta kammala BeiDou a 2020.

Yaƙin zamani ya dogara da sama ƙwarai. Da tauraro ake ɗaukar hoton sansanin abokan gaba, da shi ake saita makami mai linzami, da shi kwamanda ke magana da dakarunsa a dajin da babu turken sadarwa. Saboda haka shi ake fara nema idan rikici ya tashi. A watan Janairu na 2007 Sin ta harbo wani tsohon tauraronta na hasashen yanayi don ta nuna tana iyawa, Indiya ta yi irin haka a 2019, Rasha kuma a 2021. A ranar 24 ga Fabrairu, 2022 da Rasha ta shiga Yukren, an kai harin kutse kan hanyar sadarwar tauraro ta kamfanin Viasat, abin da ya sa sojojin Yukren suka koma dogaro da Starlink, wanda kamfanin ɗan kasuwa ne.

Sai dai ni abin da ya fi jan hankalina ba rokar da ke ɗaga tauraron ba ce, ƙananan ƙwaƙwalen lantarkin da ke cikinsa ne. A kasuwar waya ta Farm Centre za ka ga mai gyara ya duƙufa a kan allon waya, ya hura iska mai zafi, ya ɗauke IC, wato ɗan guntun ƙwaƙwalwar lantarkin da bai kai farce ba, da ɗan hantsaki, sannan ya ciro wani daga matacciyar waya ya ɗora. Gwanintar ba ta da shakka, amma idan IC ɗin ya yanke a kasuwa, sai jira. Manyan rundunonin duniya ma a wannan hali suke. Kamfanin TSMC na Taiwan, wanda Morris Chang ya kafa a 1987, shi ke ƙera kusan kashi 90 cikin 100 na ƙwaƙwalen da suka fi inganci, a tsibirin da Sin ke cewa nata ne. Injin da ake zana su da shi kuwa, kamfanin ASML na Holan kaɗai ke yin sa a duniya.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa. Tauraron soja ba koyaushe yake buƙatar sabuwar ƙira ba. Wadda za ta jure tururin sararin samaniya na shekaru ba ta rikice ba yake buƙata. RAD750, wani guntun ƙwaƙwalwar lantarki na kamfanin BAE Systems, wanda ke cikin motocin binciken da Amurka ta sauke a duniyar Mars, bai kama ƙafar wayar hannu mai araha ba a sauri, amma masu iya yin irinsa ƙalilan ne, kuma ba a sayar da shi sai da izinin gwamnati. Haka nan faifan hasken rana na taurari da na'urorin rada suna buƙatar ma'adanan galiyom da jamaniyom, kuma kusan duk ɗanyen galiyom na duniya daga Sin yake fitowa.

Kowane ɓangare ya san inda zai matse wa ɗaya. Amurka ta ware dala biliyan 52 a 2022 don dawo da masana'antun gida, a watan Oktoba na shekarar ta taƙaita sayar wa Sin manyan ƙwaƙwale, Sin kuma ta rama a 2023 da taƙaita fitar da galiyom da jamaniyom.

Mu a Najeriya muna da taurari, amma ba mu ƙera cikinsu ba. An gina NigeriaSat-1 a Ingila, aka harba shi daga Rasha a 2003. NigComSat-1 kuwa Sin ce ta ƙera ta kuma harba a 2007, ya mutu a 2008 saboda matsalar faifan hasken rana, sai da muka jira har Disamba na 2011 kafin aka harba madadinsa. Shekaru uku ke nan ƙasa tana jiran wanda ya sayar mata.

Ban ga hikimar mu ce za mu yi gasa da TSMC ba, domin masana'anta ɗaya tana cin biliyoyin daloli kuma ba ta jure ɗaukewar wuta ko na daƙiƙa. Abin da ke hannunmu shi ne kada mu jingina da mai sayarwa ɗaya, mu riƙe tashoshinmu na ƙasa da kanmu, mu kuma yawaita injiniyoyi irin namu da suka haɗa tauraron NigeriaSat-X da aka harba a 2011. Sannan kuza da kwalambait da ke duwatsun Riruwai a kudancin jihar Kano da kuma Jos, waɗanda masana'antun lantarki ke buƙata, ya kamata gwamnati ta shigar da su cikin lissafi duk lokacin da ta zauna cinikin tauraro da wata ƙasa.